Get ɗin da ke ƙin tafiya da tsakar rana

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce gidan da aka kira ka a unguwar Tesano ta Accra tsohon gini ne, get ɗin mai gungurawa a kan dogo, tsawonsa kusan mita 5, da injin Centurion D5. Da safe lafiya lau yake, amma daga azahar zuwa la'asar sai ya tafi rabi ya tsaya, in rufewa yake yi ya koma baya, kuma ba a daɗe da sa masa sabon batir ba. Kana tambaya ko ka ƙara masa ƙarfi a saiti, ko ka ce wa maigidan ya sayi sabon fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin.

Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Injin da ya ji nauyi ya tsaya, aikinsa ya yi, domin an ƙera shi ne ya ɗauka cewa ya ci karo da mutum ko mota. In ka ƙara ƙarfi ka kashe masa wannan jin, kuma ranar da yaro ya tsaya a bakin get, injin ba zai bambanta shi da tayar da ta ci tsatsa ba. Get irin wannan yakan kai kilo 300 zuwa 400. Ban yarda wanda ya koyi aiki a hannuna ya rufe ciwo da saiti ba.

Ka koma gidan a lokacin da abin ke faruwa, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku. Ka saki giyar injin, ka tura get da hannu daga farko har ƙarshe, ka dawo da shi. Hannu yana ruɗi, don haka ka tafi da sikelin rataye irin na mahauta, ka maƙala ƙugiyarsa a bakin get ka ja a hankali kana kallon allura. Lafiyayyen get na gida bai kamata ya nemi fiye da kilo 15 kafin ya motsa ba, in ya kama tafiya kuma allurar ta sauka. In ka ga ta kai 20 ko ta wuce yana cikin tafiya, ko ta yi tsalle a wani wuri, ka ja alli a ƙasa daidai nan. D5 an yi shi ne don get har kilo 500, amma get mai gudu sumul ake nufi.

Za ka ji mutane suna cewa zafi ne ya buɗa ƙarfe. Gaskiya ne, amma mu yi lissafi. Kowace mita ɗaya ta ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kan kowane digiri ɗaya. Get mai mita 5 da aka shafa wa baƙin fenti, in ya tashi daga digiri 25 da asuba zuwa 60 a cikin ranar Maris, ƙarinsa milimita 2 ne kacal. Wannan ba zai tsayar da get mai lafiya ba. Yana tsayar da wanda tazararsa ta riga ta ƙare ne, kuma a tsohon gida tazarar ita ce abin da shekaru suka cinye.

Fara da haƙoran rak, doguwar sandar da ke jikin get, da ƙaramar giyar inji da ke cizon ta. Dole a samu sarari na milimita 2 zuwa 3 tsakanin kan haƙori da gindin rami, a duk tsawon get. Durƙusa ka duba da tocila, kana tura get kaɗan kaɗan. A kowane wuri ka kama get ka girgiza shi gaba da baya, ya kamata ka ji ɗan ƙas-ƙas na wasa. Inda ka ji shiru kuma ya ƙame, get ya hau kan giyar. Ga yadda abin yake faruwa: ramin taya yana cinyewa, boris yana sakin jiki, get ya sauka milimita 3 a cikin shekaru ba wanda ya lura, sai nauyinsa ya bar taya ya koma kan sandar injin. Da safe yana lallaɓawa ya wuce, rana ta yi sai ɗan ƙarin nan ya ƙarasa shi. In rak ɗin na roba ne ya fi saurin nunawa, domin roba ta fi ƙarfe buɗewa da zafi nesa ba kusa ba. Alamarsa ita ce gindin haƙori yana ƙyalli, ko ka ga baƙin gari a kan murfin inji.

Kada ka yi gaggawar sauke injin ƙasa don ka samo tazara. Canja tayoyi tukuna, duka biyun tare, ko da ɗaya ce ta mutu. Ɗaga get da jak, ka tokare shi da katako ta ɓangarori biyu kafin ka sa hannu a ƙarƙashi. Ramin sabuwar taya ya dace da dogon: mai siffar U ga rodi zagayayye, mai siffar V ga angil da aka kifa. Lambar boris tana rubuce a gefensa, ka tafi da tsohon kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai ka nemi irinsa wanda lambarsa ta ƙare da 2RS, mai murfin roba gaba da baya. Mai buɗaɗɗen ciki ba ya kai hunturu biyu a wannan gari. Da sababbin tayoyi get zai koma tsayinsa na asali, a lokacin ne za ka daidaita inji da notocin gindinsa.

In rak ɗin ya lanƙwashe ko an yi masa walda a karkace, yanke shi ka sake ɗorawa. Ɗaga injin da wosha mai kaurin milimita 3, ka kwantar da rak a kan giyar, ka ɗiga walda kana tura get taki taki, ka gama sannan ka zare woshar. Tazara za ta fito daidai ko'ina. Wajen haɗa sanda biyu, ka kifa guntun rak a ƙarƙashinsu ka matse, haƙora su shiga juna, sannan ka ɗiga. Kafin ka kunna injin walda ka cire batir, ka zare wayoyin fanel, ka maƙala wayar at ɗinka, wadda wutar walda ke komawa ta cikinta, kusa da inda kake aiki. In wutar walda ta bi ta cikin boris za ta ƙona ƙwallayensa, sabo ya zama tsoho a rana ɗaya.

Sai dogon. Yawancin gidajen Tesano, Kanda da Kokomlemle an gina su ne kafin a san get mai inji, daga baya aka kwantar da dogo a kan tsohon daɓe ba tare da tushe ba. Ja igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan ka ga inda ya lotsa da inda ya taso. Lotsawa tana zuwa ne daidai inda tayar mota ke takawa. Tasowa kuma, duba ko akwai dalbejiya ko mangwaro kusa da katanga, saiwarsu tana ɗaga kankare. Ga kuma matsalar titin da aka sake yi ya fi gida tudu, ruwan Yuni ya riƙa kwanciya a bakin get, tsatsa ta ci dogon ta ƙarƙashi ta kumbura shi. Ƙwanƙwasa shi da guduma, inda ya yi ƙarar fanko babu komai a ƙasansa. In lalacewar ta wuce mita ɗaya, faci ɓata kuɗin mutum ne. A fasa, a haƙa rami mai faɗi da zurfin kusan santimita 30, a sa rodi, a zuba kankare na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a dasa sabon dogo da lebul. A riƙa yayyafa masa ruwa, kada mota ta taka sai bayan mako guda. Gindin inji a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, za ka ga shaidar a jikin katanga.

Rololin sama da ke riƙe get a tsaye su ma ka duba su da rana. Get mai rufin faranti, fuskar da rana ke duka ta fi ta baya zafi, sai ya ɗan yi baka ya matse rola. Ka bar milimita 2 zuwa 3 kowane gefe.

Abu ɗaya da nake so ka hana mai gadi da masu gida: giris a kan dogo da rak. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye taya da haƙori. Wanke shi da kananzir, ka bar wurin a bushe. Tsintsiya kawai dogo yake so.

In get ya koma gudu da hannu ɗaya amma tsugune ba ta ƙare ba, to yanzu ka buɗe murfi. Kada sabon batir ya ruɗe ka. D5 da batir yake tafiya, 12V mai 7Ah, wutar gida caji kawai take yi. Cire waya ɗaya daga kan batir ka auna abin da caja ke bayarwa, ya kamata ka ga 13.6V zuwa 13.8V. Mayar da wayar, ka bar mitar awon wuta a kan batir, ka danna rimot. In ya faɗi ƙasa da 11 yayin da get ke tafiya, batirin ya gaji ko ba ya samun caji. Batir irin wannan an auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu. Cikin murfin da rana ke duka tun hantsi ya fi waje zafi sosai, shi ya sa batirin da ya kamata ya yi shekara huɗu yake mutuwa a ɗaya da rabi. Ɗan rufin kwano a saman inji, mai barin iska ta ratsa, yana ƙara masa kwana. Wajen saye kuma ka auna shi a gaban mai shago, wanda bai kai 12.5 ba ya daɗe a ajiye.

Sannan ka bi wayar da ke kawo wuta har tushenta, domin a tsofaffin gidaje nan gizo yake yawan saƙa. Wanda ya fara ɗora injin, don gudun fasa daɓe, yakan ja wuta daga fitilar kan ginshiƙi. Fitilar kuwa da asuba ake kashe ta daga cikin gida. Ka ga caja ba ta aiki sai da dare, batir ya cika ya yi hidimar safe, kafin la'asar ya sauka. Wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta, don haka ka auna bakin caja da rana ka tabbatar akwai 230V. In babu, injin yana buƙatar layinsa daga allon rabon wuta, da nasa bireka, waya mai jijiya uku ta 2.5 a cikin bututu, da makashi kusa da inji. Jan sabon layi a Ghana aikin mai takardar hukumar makamashi ta ƙasar, Energy Commission, ne bisa dokar wayarin ta 2011, ka kira mai ita ku yi tare. Ku duba at ma, tsohuwar sandar da aka binne tun gina gida sau da yawa ta ruɓe, kuma fanel marar at ba ya jure tsawar damina ko dawowar wuta bayan dumsor, wato ɗauke wuta.

Fanel ɗin kansa, juya bayansa ka gani. Tsaka tana son ɗumin wurin, takan mutu a kan layukan ta haɗa su. Kiyashi yana tara ƙasa mai laima, zanzaro yana gini a jikin rile. Kakkaɓe da busasshen buroshin fenti, kada ka fesa maganin ƙwari a kansa. Toshe bakin bututun waya da silikon, ta nan suke shigowa, ka ɗaura ƙwayar kafur biyu a ƙyalle ka ajiye a kusurwa. In ka ga kore kore a bakin wayoyi, iskar teku ce, ta fi tsanani a Osu, Labadi da Dansoman. Yanke bakin ka fere sabo.

Wata rana za ka tarar da injin da ke aiki da wutar gida kai tsaye, kamar wasu na kamfanonin CAME, BFT ko FAAC. Wannan in ya yi gurnani bai motsa ba sai an tura shi, kafasita ce zafi ya busar. Kashe wuta, ka sauke cajinta, ka auna. In ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da aka rubuta a jikinta, ka sa mai lamba ɗaya, ta 450V. In kuwa yana mutuwa gaba ɗaya ya farfaɗo bayan kusan rabin awa, makarin zafi na cikin naɗin wayarsa ne ke yankewa, kuma get mai nauyi ne ke jawo hakan.

Idanun tsaro na jikin ginshiƙi, waɗanda ɗaya ke aika haske ɗaya ke karɓa, in get yana ƙin rufewa da yamma kaɗai, rana ce ke shiga idon mai karɓa. Musanya su mai karɓar ya ba yamma baya, ko ka yi masa hula da guntun bututu.

Bayan duk gyaran da ya taɓa taya, rak ko dogo, ka goge garin ƙarfen da ya manne wa maganaɗisun da ke kan rak, ka tabbatar tazararsa da na'urar da ke jin sa ba ta wuce milimita 20 ba, ka sake koya wa injin iyakokinsa na buɗewa da rufewa daga farko. Duba matokaran ƙarshe biyu, su zama ƙarfe ne da aka yi wa walda sosai, waɗanda za su tare get ko an turo shi da gudu. In babu su, kada ka bar gidan sai ka sa, domin get da ya zarce rola faɗuwa yake yi a kan wanda ke kusa. Daga nan ka mayar da ƙarfin inji mafi ƙanƙantar da zai iya tafiya da shi, ka tsayar da katako a hanyarsa yana rufewa, ka ga ya taɓa ya koma. Gwajin nan da ƙarfe biyu na rana za ka yi shi, a gaban maigidan, sau goma a jere. Ka turo mini abin da sikeli ya nuna kafin gyara da bayansa, da abin da ka samu a bakin caja.