Amsa ga ɗan'uwan da aka kira koyar da ƙwallo a waje

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na kasa amsawa sai yanzu, don ina karantawa sai na ji kamar ni ne na rubuta ta. Ka ce gwiwa ta raba ka da fili kana da shekara 29, ga wata ƙaramar ƙungiya a wata ƙasa ta kira ka ka horar da ita, a gida wasu na cewa tafi, wasu na cewa zauna, kuma abokai sai misali suke ba ka da Graham Potter, kocin nan ɗan Ingila, wai shi ma haka ya fara. Kana son sanin ko gaskiya ne, kuma ko ka tafi.

Gaskiya ne, amma rabin labarin suke ba ka. Ni ma da wannan rabin aka yi mini romon baka na tafi, shi ya sa bayan na dawo na zauna na bi tarihin mutumin nan tun daga tushe.

Potter bai yi wani suna ba a matsayin ɗan wasa. Lamba uku yake bugawa, wato ɗan baya na hagu, ya yi Birmingham, Stoke, West Brom, York da Macclesfield, yawanci a ƙananan rukunai. Wasa takwas kacal ya buga a Firimiya, a Southampton, kakar 1996 zuwa 1997. Ya rataye takalmi a 2005 yana da shekara 30, kusan sa'arka. To ga abin da ba sa faɗa maka: bai tashi daga fili ya faɗa jirgi ba. Shekara biyar ya yi yana koyar da ƙwallo a jami'o'i, Hull da Leeds, yana karatu har ya yi digiri na biyu. A tsakiyar haka ma ya yi aiki da ƙungiyar mata ta Gana a gasar kofin duniya ta 2007 a Sin. Sai ƙarshen 2010 Ostersund ta ɗauke shi, tana rukuni na huɗu a Suwidin, garin da mutanensa ba su wuce dubu hamsin da wani abu ba, ga sanyi mai daskarar da jini. Kuma ba wani dillali ne ya kai shi ba. Tsohon abokin wasansa Graeme Jones, wanda ya san shugaban ƙungiyar, shi ya tsaya masa. Kwantiragin shekara uku ya sa wa hannu, a rubuce.

Ni kuwa da me na tafi? Da muryar mutum a waya. Wani ne da ke kiran kansa ciyaman, a tsallaken iyaka, ya ce min "Koci, ka zo kawai, gida ka zo, takarda ai tsakanin baƙi ake yin ta." Wallahi har daɗi na ji da ya faɗi haka. Na bar yaran unguwa da nake horarwa, na bar matata da ciki wata huɗu, na hau mota. Watan farko ya ba ni rabin albashi, ya ce sauran sai kuɗin wani mai tallafawa ya shigo. Wata na biyu shiru. Na uku, in na kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce Alhaji yana taro. Ɗakin da aka ba ni a bayan shagon siminti yake, ni da mai tsaron raga da wani ɗan gaba muke kwana. Da kuɗina nake sayen ruwan atisaye. Kuma duk da haka wasa tara muka yi ba a doke mu ba.

Ranar da ba zan manta ba, mun je wasa waje, tafiyar kusan awa shida, yara ba su ci komai ba sai burodi da shayi tun asuba. Kafin a take wasa ya aiko min da sunan ɗan ƙanwarsa, wai lallai da shi za a fara. Yaron nan sati uku bai zo atisaye ba. Na ajiye shi a benci. Aka ci mu ɗaya mai ban haushi a mintin ƙarshe. Muna shiga mota za mu koma sai ga shi ya tsaya a bakin ƙofa, gaban yarana duka, ya ce a sauke min jakata. Ya ce ni ba koci ba ne, gurgu ne da ya tausaya wa. Gurgu fa! Gwiwar da na bari a fili ita ya zage ni da ita. Babu yaron da ya ɗaga kai, kuma ban ga laifinsu ba, su ma albashi suke bin sa. Mota ta tashi ta bar ni a garin da ban san kowa ba. A masallacin tasha na kwana. Da safe na sayar da agogon gudu da takalmina guda biyu na haɗa kuɗin mota. Na iso gida saura kwana huɗu suna, ragon ma yayana ne ya saya, ya ce kada in gaya wa kowa. Har yau in na ji ana kiran wani ciyaman sai gabana ya faɗi. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba.

Yi haƙuri, na yi nisa. Abin da nake son ka gane, a ganina ba fita waje ce ta yi Potter ba, lokacin da aka ba shi ne. Shekara bakwai da rabi ya yi a Ostersund. Ya hau rukuni a 2011, ya sake hawa a 2012, sannan ya yi kaka uku a rukuni na biyu kafin ya shiga babbar gasar ƙasar a ƙarshen 2015. Ka ce da irin nawa ciyaman ne, ai a kakar farko ta jiran nan zai kore shi. A 2017 suka ɗauki kofin Suwidin, suka doke Norrkoping da ci 4 da 1, suka fitar da Galatasaray daga gasar Yuropa, suka tsallake rukunin da ke da Athletic Bilbao da Hertha Berlin. A Fabrairun 2018 suka je Emirates, filin Arsenal, suka ci su 2 da 1, duk da an fitar da su saboda ukun da aka zura musu a gida. 'Yan Arsenal na gidan nan, na san kun tuna, ba sai kun amsa ba. Namu Alhaji Gero ɗan Kano yana cikin wannan ƙungiya.

Kuma ba da taurari ya yi ba. Waɗanda aka yar ya riƙa tsinta, irin su Jamie Hopcutt da York ta sallama. Har rawa da waƙa da wasan kwaikwayo yake sa 'yan wasa su yi a gaban mutanen gari, don su saba da tsayawa gaban jama'a ba tare da tsoro ba. Kada ka kwaikwayi wannan a inda za ka, za a ce ka zare. Amma tsintar yaran da aka raina, wannan kam ka riƙe shi, su ne za su mutu maka a fili.

To shi wannan Potter ɗin, bayan Swansea da Brighton, Chelsea ta ɗauke shi a Satumban 2022 da kwantiragin shekara biyar, ta sallame shi a Afrilun 2023, wasa 31, ko wata bakwai bai cika ba. Mutum ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya. Bambancinsa da ni, shi da takarda a hannu aka kore shi, ba a bakin tasha ba.

Don haka ban ce kar ka je ba. Da za a sake kira na yau, watakila in tafi, ƙwallo ciwo ce. Amma kada ka taka mota sai ka ga kwantiragi da sa hannu, da albashin aƙalla wata biyu a aljihunka, da kuɗin dawowa da ka ɓoye wanda ko yunwa ba za ta sa ka taɓa ba. Ka nemi lambar kocin da ya bar wurin kafin kai, ka tambaye shi me ya fitar da shi. Wannan kaɗai da na yi, da ban kwana a tasha ba. Ka tambaya tun yanzu wa ke fitar da sha ɗayan farko, kai ko mai ƙungiya. Sannan lasisi, ba ka ce kana da shi ba. Ko na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, mai daraja ta C ne ka fara nema, don ranar da aka so wulaƙanta ka da shi za a fara. In kana da iyali ka zauna da ita ku yi magana ta gaskiya. Matar Potter sana'arta ta bari ta bi shi da jariri cikin wannan sanyi, tawa kuma ni na bar ta ita kaɗai, har yau in faɗa ya haɗa mu sai ta tuna min.

Gwiwar kuma, an yi maka aiki ko dai ɗauri kawai aka yi? Kada ka riƙa shiga atisaye da yara don ka nuna musu har yanzu kana nan, ni haka na ƙarasa tawa. In sun turo takardar ka same ni ta akwatin saƙo kafin ka sa hannu, mu duba ta tare.