Amsar tambayarka kan noman naman kaza bisa kara

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka ce kana son noma naman kaza a gida bisa karan gero, amma innarka ta ce a gidanmu ba a taɓa lemar kwaɗi balle a kai ta baki, shi ne kake tambaya ko yin haka saɓa wa al'ada ne.

Innarka tana da gaskiya, kada ka yi mata gardama. Abin da magabata suka hana shi ne wanda ke tsirowa da kansa da damina a juji ko gindin itace. A cikinsu akwai masu dafin da ke lalata hanta, ciwon ba ya tashi sai bayan awoyi, kuma dahuwa ba ta kashe dafin. Ido ba ya raba mai kyau da mugu, shi ya sa aka hana duka. Wannan hani yana nan daram, ka ma ƙara jaddada wa yaranka, don kada su ga ana ci a gida su je daji su tsinko. Wanda ake nomawa kuwa iri ne sananne, masana na ce masa Pleurotus, a kan ƙwayar dawa ake rainonsa a sayar. Ka tambayi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maraɗi, ko malaman aikin gona na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo inda za ka samu, ka ce mai jure zafi kake so.

Kara kuma yana da masu shi, dabbobi da danga na jiransa. Ka ɗebi naka, ko ka roƙa.

Ka zaɓi busasshe wanda ruwan sama bai baƙanta ba. Karan gero yana da tauri, sai ka bubbuge shi ya fashe, ka sare guntu-guntu kamar santimita 3 zuwa 5, ya kwana a ruwa. Da safe ka zuba shi a buhu, ka nutsa cikin tano mai ruwan zafi digiri 65 zuwa 80, awa 1 zuwa 2. In ba ka da ma'auni, ruwan ya riƙa tururi amma kada ya tafasa. Dalili shi ne zafin nan yana kashe fumfuna ya bar wasu ƙwayoyi masu tsare karan. In ka tafasa ka share kowa, duk abin da ya fara faɗawa shi zai ci gari.

Ka tsane shi a kan leda mai tsabta har ya huce sarai, don ɗumin da ya wuce na jiki yana kashe iri. A nan mutane suka fi faɗuwa: ka damƙi cikin hannu ka matse da ƙarfi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, zai yi tsami da wari a gindin leda. Kara busasshe kilo 2 yakan koma kilo 5 zuwa 6 in ya jiƙa, shi kuma yana son iri giram 300 zuwa 500. Ka wanke hannu da sabulu, ka jera kara a cikin jakar leda, ka barbaɗa iri, ka danne, haka har leda ta cika. Ka ɗaure baki, ka huhhuda ƙananan ƙofofi da ƙusa mai tsabta, har da gindi.

Sai ɗaki mai duhu da sanyi, digiri 24 zuwa 28, mako 2 zuwa 3, har farin zare ya mamaye karan kamar auduga. Cikin leda ya fi ɗakin zafi, don haka kada ka jibga su a kan juna. Ledar da ta yi kore ko baƙi, fumfuna ce, ka fitar da ita nesa ba tare da ka buɗe ba.

Lokaci shi ne babbar magana a Maraɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, asarar iri kawai za ka yi. Yuli zuwa Satumba ya fi, iska na da laima. Da hunturu sanyin ya yi, amma iskar tana busar da tsiron ya tsattsage, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen yashi a ƙasa, ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga. Ɗakin laka ya fi na kwano.

In ledar ta yi fari fat, ka tsaga ta wuri huɗu ko biyar, ka ba ta haske ba na rana kai tsaye ba, ka riƙa fesa ruwa siriri sau 3 ko 4 a yini. Cikin mako guda ƙananan kawuna za su leƙo, bayan kwana 4 zuwa 6 ka girbe tun gefen lemar bai miƙe ba. Ka murɗe curin gaba ɗaya, don guntun da ya saura yana ruɓewa ya jawo ƙuda. In ka ga dogon wuya da ƙaramin kai, iska ce ta yi kaɗan, ka buɗe taga. Leda guda takan ba da girbi 2 ko 3, jimilla kilo 1 ko ɗan fiye. Kada ka ajiye ledojin a ɗakin kwana, ƙurar da naman kazar ke saki tana sa tari.

Ba a cinsa ɗanye, kuma ba ya kwana biyu a zafinmu. Abin da ba a dafa ba a yayyaga a shanya, karan da ya gama aiki kuma a kai gona taki ne. Ka gaida mutan gida.