Ƙuri'ar da na jefa ce ta soke kuɗin shirin yaranmu a Los Angeles?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Shekarata 16 a Inglewood da ke gundumar Los Angeles, kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa. A zaɓen Nuwamba 2024 na jefa ƙuri'ar amincewa da gyaran kundin tsarin mulkin gunduma da ake kira Measure G, don an ce mana zai ƙara yawan wakilan majalisar gunduma. Yanzu kuma a zauren WhatsApp na matan masallacinmu ana ta yaɗa cewa gyaran nan ya soke Measure J, wanda daga cikinsa ake biyan shirin koyon sana'a da ɗana ke zuwa. Wasu na cewa ƙarya ce, wasu na cewa kada mu damu, wakilai za su gyara da kansu. Hankalina ya tashi. Da hannuna na rufe wa ɗana ƙofa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki kwantar da shi gaba ɗaya. Labarin gaskiya ne, gundumar da kanta ta amsa shi a watan Yuli 2025. Sai dai sokewar ba ta fara aiki ba, sai 2028, kuma laifin ba naki ba ne.

Measure J ya samu amincewar kusan kashi 57 cikin ɗari na masu zaɓe a 2020. Ya wajabta wa gunduma ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarta na cikin gida da ba a ɗaure da wani aiki ba, don ayyuka irin su koyar da matasa sana'a, gidaje, kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da hanyoyin rage cusa mutane a kurkuku. Wani alƙali ya rushe shi a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi a 2023. A duk wannan kai-komo, ma'aikatan da aikinsu ne su shigar da shi cikin rubutaccen kundin ba su shigar ba. Da aka zo rubuta Measure G, sai aka ɗauki kundin da babu J a ciki aka yi aiki da shi, aka sake rubuta sashen da ya kamata a ce yana zaune. Lauyoyi sun duba, wakilai sun tura shi gaban jama'a, aka yi kamfe na wata da watanni, ba wanda ya lura sai bayan an gama zaɓe. Wannan sakaci ne da ba shi da uzuri a hukumar da ke riƙe da kasafin da ya haura dala biliyan 45.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake ji kusan kullum daga bakin mutanenmu har da masu digiri: wai idan gyara ya zo da matsala, ai wakilai za su zauna su daidaita. Ba za su iya ba, Hajiya. A jihar Kalifoniya, kundin gunduma ba ya canzawa sai da ƙuri'ar mafi rinjayen masu zaɓe. Wakilai biyar na majalisar gundumar za su iya kawo shawarar gyara su sa ta a takardar zaɓe, jama'a ma za su iya tara sa hannu su kawo tasu, amma ko su biyar ɗin sun haɗa baki, ba su da ikon mayar da jimla ɗaya da ƙuri'a ta cire. Abin da ke hannunsu shi ne dokar majalisa ta yau da kullum da kuma kasafin kuɗi. Za su iya cewa mun ci gaba da ba da kuɗin, kamar yadda suka yi bayan hukuncin 2021. To amma abin da mutum uku cikin biyar suka ɗaura yau, wasu uku za su kwance shi gobe idan aljihun gunduma ya yi zafi. Dalilin da ya sa masu fafutukar J suka sha wahalar kai shi cikin kundi ke nan tun farko, don kada ya zama alfarmar da ake roƙo duk shekara. Wanda ya ce miki dokar majalisa da kundi duk ɗaya ne, ko bai sani ba, ko yana so ki yi shiru.

Ita wannan fahimta tana tafiya da ƙanwarta. Mutane sun ɗauka 'yan layukan da ke kan takardar ƙuri'a su ne dokar. Tambayar da kika karanta kafin ki cike da'irar nan, doka ba ta yarda ta wuce kalma 75 ba. Measure G kuwa ya ƙunshi ƙara kujeru daga 5 zuwa 9 nan da 2032, da zaɓaɓɓen shugaban zartarwa na gunduma daga 2028, da hukumar ɗa'a mai zaman kanta, da kwamitin sake duba kundin duk bayan shekara 10, da sauran abubuwa. Ta yaya za a cusa wannan duka cikin kalma 75? Abin da ya zama doka shi ne cikakken rubutun, inda za ki ga an ja layi a kan tsofaffin kalmomi an sa sababbi. Kwanakin baya wani ɗan'uwa direba ya zo ofishina da ɗan littafin zaɓe da ake aikowa ta gidan waya, ko buɗe shi bai yi ba, amma a wayarsa akwai saƙon murya na minti 11 daga wani da ba ya ma zaune a jihar, yana gaya masa abin da zai zaɓa. Na buɗe masa littafin na nuna masa sharhin lauyan gunduma da hujjojin masu goyon baya da na masu adawa, ya ce wallahi shi ya zaci talla ce. Irin waɗannan malaman saƙon murya sun ishe ni. Ba su taɓa karanta shafi ɗaya na kundin ba, amma a kowane zaɓe su ne masu fatawa.

Ba ina cewa kin yi kuskure da kika so ƙarin wakilai ba. Gundumar nan tana da mutum kusan miliyan 10, kuma kujeru biyar ne kamar yadda aka fara a 1852, wato kowane wakili yana riƙe da kimanin mutum miliyan 2. Shi ya sa aka daɗe ana ce musu ƙananan sarakuna biyar. Kundin kansa tun 1912 aka amince da shi. Sau da dama masu zaɓe sun yi watsi da ƙara kujeru, kuma a wannan karon ma da ƙyar aka haye, da kashi 51 da 'yan kai. Lindsey Horvath da Janice Hahn ne suka kawo shi a watan Yuli 2024, aka kaɗa ƙuri'a a Nuwamba. Kathryn Barger da Holly Mitchell, wadda ita ce wakiliyar yankinku na Inglewood, ba su goyi baya ba. Sun koka da gaggawa, sun kuma yi shakkar alkawarin cewa ba za a ƙara wa masu biyan haraji ko sisi ba. Ƙungiyoyin 'yan kwana-kwana da na jami'an sherif, wato 'yan sandan gunduma, ma sun yi adawa. Ni ina ganin ƙara kujeru daidai ne, amma kan batun gaggawa masu adawa sun yi gaskiya. Wata huɗu ya yi kaɗan a sake fasalin gwamnatin da ta fi yawancin jihohin Amurka yawan jama'a.

Game da ɗanki, ki je wajen masu shirin ki tambaye su kai tsaye daga wane asusu ake biyansu, kuma kwangilarsu da gunduma zuwa yaushe take. Majalisar tana zama ranar Talata, kuma kowa na da damar yin magana, a zaure ko ta waya. Ku haɗu ku biyar ko goma daga masallaci ku nemi a mayar da J cikin kundin kansa, kada a tsaya a alkawari. Duk gyaran da aka sake kawowa, ki nemi cikakken rubutunsa ki duba wane sashe aka goge kafin ki duba wanda aka ƙara. Ki kuma ja kunnen matan zaurenku masu katin zama kawai: magana a gaban majalisa halal ce gare su, amma rajista ko jefa ƙuri'a ba tare da zama ɗan ƙasa ba laifi ne da kan iya kai mutum ga kora daga ƙasar.