Tambayi Likita: Auna gamsuwar masu ciwon daji a asibitocin ƙasar Sin

Salam Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Da me ake auna gamsuwar masu ciwon daji a ƙasar Sin?

Wa alaikis salam, 'yata. Cikin ma'aunan da aka fassara zuwa Sinanci akwai IN-PATSAT32, takardar tambayoyi 32 da EORTC, ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai mai hedikwata a Brussels, ta fitar a 2005. Tambayoyi 11 a kan likitoci suke: ƙwarewa, mu'amala, bayani, da ko ana samunsu idan an nema. Wasu 11 irinsu a kan nas-nas. Ragowar 10 sun shafi sauran ma'aikata, daɗewar jira, sauƙin isa asibiti, tsafta, yadda bayani ke kewayawa tsakanin ma'aikata, sai gamsuwa gaba ɗaya.

Kowace amsa daga 1 (babu kyau) zuwa 5 (mafi kyau) take. A ɗauki matsakaicin amsoshin sashe, a cire 1, a raba da 4, a ninka sau 100. Wanda ya ba da 4, 4, 3 a bayanin likita, makinsa kusan 67 ne. Kowane sashe da makinsa. Kada ki tara su wuri guda, don tsaftar ɗaki za ta rufa wa rashin bayani asiri.

Fassarar ma da ƙa'ida: mutum biyu su fassara, a daidaita, wasu biyu su mayar da ita Turanci, sannan a gwada a kan majinyata 10 zuwa 15.

Likita, ina kasuwanci a Guangzhou, za mu kawo yayana magani. Wani asibiti na tallar cewa kusan duk majinyatansa sun gamsu. In yarda?

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ka yarda, tambayi yaushe aka cike takardar, kuma wa ya cike. Majinyacin da ke kwance, ruwan magani na shiga jijiyarsa, nas ɗin da ta miƙo masa takardar tana tsaye a kansa, da wuya ya rubuta 2. Gobe ita za ta sa masa allura. Shi ya sa aka tsara a cike bayan sallama, a gida. Sannan a can sau da yawa da waya ake amsawa ta manhajar saƙonni ta WeChat, tsoho kuwa ɗansa ke danna masa, sai ka samu ra'ayin ɗan ne aka rubuta. Wanda jiki ya yi wa tsanani ko ya koma ƙauye, ba ya cikin lissafin sam.

Ga kuma cunkoso. A ƙiyasin cibiyar ciwon daji ta ƙasar, sabbin kamu sun kai kusan miliyan 4.8 a 2022, kuma jama'a manyan asibitocin birane suke rububi. Don haka makin jira da na samun likita za ka duba. Gamsuwa daban, warkewa daban: tambayi mutum nawa masu irin ciwon yayanka suke yi wa aiki a shekara, da ko suna da tafinta.

Na ji a can ana ɓoye wa majinyaci ciwonsa. Ta yaya zai amsa tambaya kan bayani?

Haka ne Malama, dangi kan roƙi likita ya ɓoye, kuma dokar farar hula da ta fara aiki a 2021 ta yarda a sanar da makusanta idan bai dace a faɗa wa majinyacin ba. Wanda aka ce masa ƙari ne kawai zai iya ba da 5 a kan bayanin da bai cika ba. Mai bincike ya rubuta wa ya san ciwonsa, wa bai sani ba, ya lissafa makinsu daban-daban, ya kuma duba kada kan takardar ya tona abin da dangi suka ɓoye.