Amsa: Wadda ba ungozoma ba, me za ta iya yi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko wadda ba ta karanci aikin ungozoma ba za ta iya aikin sa-kai na taimaka wa masu ciki nan Tawa. Sosai ma. Zubar jini bayan haihuwa ne ya fi kashe mata masu haihuwa, jinkirin kai su asibiti kuma ke ƙara ta'azzara shi. Ki raka mai ciki awo, ki shawo kan maigida da uwar miji tun kafin naƙuda, a tanadi kuɗin mota da mai ba da jini. Ki shaida masu tun 2005 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa. Karɓar haihuwa kam sai ungozoma.

Aikin kuma na ƙulla zumunci: matar da kika kwana riƙe da hannunta, ke za ta fara aika wa goron suna.