Amsa ga Baffa a kan itatuwan bayan gidajenmu a Ingila

Baffa, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Ka tambaya me ya sa duk gidan Bahaushen da aka nuna maka hotonsa a nan Mancesta ba ka ganin bishiyar da mutum zai shimfiɗa tabarma a gindinta, sai 'yan gajejjeru a jikin katanga, har kana cewa ko mun yi watsi da tarbiyyar gida ne. Wallahi ba mu yi ba. A Kano mutum na dasa darbejiya don ya sami inuwa. Mu nan inuwa ta yi mana yawa, rana muke nema ido rufe.

A watan Disamba rana ba ta kai awa 8 a sama, kuma ko da azahar ba ta wuce digiri 15 daga ƙasa ba, alhali a Kano tana haura 50 a wannan lokacin. Gidajen da yawancinmu ke ciki a jere suke, bango ɗaya da maƙwabci, filin baya kuwa ɗan siriri ne, an kewaye shi da shingen katako da ya kusa mita 2. Gidan da bayansa ke kallon arewa, rabin filin sai ya shafe hunturu bai ga rana ba. Shi ya sa idan sabon zuwa ya ce zai sayi itace, tsofaffin zama kan ce masa ya dakata ya ga wucewar bazara ɗaya tukuna, ya lura da kusurwar da ke samun rana awa 3 zuwa 6 da wadda ba ta samu sam.

Sai maƙwabci. Bature na ƙaunar ranar da ke faɗowa a filinsa fiye da yadda za ka zata, kuma doka na bayansa. Reshenka in ya tsallaka, yana da ikon datse shi daidai kan iyaka. Tun dokar 2003, in ka jera itatuwa marasa kaɗe ganye suka wuce mita 2 suka tare masa haske, zai iya kai ƙara ƙaramar hukuma a sa ka rage su. A Landan da kewayenta kuma ƙasar yumɓu ce, saiwar babbar bishiya kan tsotse ruwa har ƙasa ta motse bango ya tsage, daga nan sai kai da kamfanin inshora. Mu baƙi ne da ake sa wa ido, babu mai son sunan Bahaushe ya fito a rigimar bishiya.

To me muke dasawa? Wadda na fi yabawa ita ce ceri mai tsami da ake kira Morello. 'Ya'yan itace kaɗan ne ke nuna a bangon da ke kallon arewa, ita kuwa tana yi. Ana ɗaure rassanta a baje a jikin waya, sai ta kwanta a bango ba ta ci fili ba. Ɗanyarta ba ta ciyuwa sai mai ƙarfin hali, amma matanmu na dafa ta da sukari, wasu har su zuba a zoɓo.

Tuffa ma tana yi in wurin na samun rabin yini na rana, musamman irin ta dafawa. Sirrin yana ga saiwa. Kamar mangwaro ɗan aure ne da kuke yi a lambu, sai dai su an zaɓi saiwar ne don ta hana itacen tsawo. Cibiyar bincike ta East Malling da ke Kent ce ta fitar da su, kowace da lambarta a takardar da ke rataye jikin dashen: mai M27 ba ta cika wuce mita 2 ba, M9 ta ɗan fi ta, M26 ta kai wajen 3. Wanda bai duba lambar nan ba shi ke kwana da gatari bayan shekaru.

Akwai Amelanchier, mai farin fure a Afrilu da 'yan ƙananan 'ya'ya a Yuni, waɗanda tsuntsaye ke riga mu cinyewa. Wani dattijo a masallacinmu ya ce a bar su, ai hadisi ya zo cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce. Matasanmu kuma sun fi son Acer ta Japan saboda jan ganyenta a Oktoba. Tana son inuwa-inuwa, iska mai ƙarfi na ƙona mata ganye, tana kuma zama a tukunya, abin da ya dace da 'yan haya. Ni dai itacen da ba a ci ba ya burge ni, amma uwargida ta sa an saya, na yi shiru.

Ɓaure na yi, sai dai a bangon da ke kallon kudu, don shi ɗan rana ne. Zogale kuwa kowa ya gwada. Ana shuka shi a bakin taga a Afrilu, a fitar da shi a Yuni, a ɗan tsinki ganye, sanyin farko ya kashe shi. Duk shekara sai an sake, kuma ba mu daddara.

Batun dashen mangwaron da ka ce za ka ba Alhaji ya taho mini da shi, don Allah a bari. Ba a shigo da shuka mai rai sai da takardar shaidar lafiyarta, za su karɓe a filin jirgi, in ma ya tsallake ba zai ga Janairu ba. Busasshen zogale da kuka sun fi mana amfani. Tuffar kuma daga Nuwamba zuwa Maris ake dasa ta, lokacin da ta kaɗe ganye ake sayar da ita da saiwa tsirara a farashi mai sauƙi, in na dasa zan turo maka hoto. A gaida su Gwaggo da yara.