Street Fighter: me ya sa aka fi ambaton na biyu, kuma ina matsayin na uku?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa duk mai maganar Street Fighter, wato jerin wasan bidiyo na dambe, yake farawa da na biyu alhali akwai na farko, da kuma ko gaskiya ne na uku bai samu karɓuwa ba. Tun ina yaro nake buga wasan nan a gidan gem na unguwarmu, inda wanda aka doke yake miƙa hannu ga na gaba, don haka zan faɗa maka abin da na sani.

Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da na farko a 1987, ƙarƙashin jagorancin Takashi Nishiyama. Ɗan dambe Ryu kaɗai ake ɗauka, sai Ken idan mutum biyu za su kara, kuma fitar da Hadoken, wato ƙwallon ƙarfi da suke harbawa da hannu, yana da wuya ƙwarai, har ya zama kamar sa'a. Shi ya sa bai yi nisa ba.

Na biyu, wanda ya fito a 1991, shi ne ya canja komai. Ya zo da 'yan dambe takwas daga ƙasashe daban-daban, kowane da salonsa: Chun-Li daga Sin mai saurin ƙafa, Dhalsim daga Indiya mai miƙa hannu daga nesa, Zangief ɗan kokawar Tarayyar Sobiyat wanda idan ya cafke ka ka shiga uku. A nan ne kuma aka gano cewa ana iya jera duka bayan duka ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, abin da masu ƙirƙirar wasan ba su tsara shi tun farko ba amma suka bar shi. A ganina, babban sirrinsa shi ne ya mayar da wasan karawa tsakanin mutum da mutum, inda sai ka karanci tunanin wanda yake kusa da kai kafin ka ci nasara. Da aka kai shi na'urar Super Nintendo a 1992, an sayar da fiye da kwafi miliyan 6.

Game da na uku, gaskiya ne kasuwarsa ba ta yi kyau ba a 1997. An cire tsofaffin 'yan wasa in ban da Ryu da Ken, an kawo sababbi kamar Elena 'yar Kenya, a daidai lokacin da hankalin jama'a ya koma kan wasu wasannin dambe irin su Tekken. Ni kaina na ƙi shi da farko saboda babu Guile, ɗaya daga cikin 'yan damben na biyu. Amma an yi masa rashin adalci, domin shi ya kawo dabarar tare duka ta hanyar tura sandar sarrafa wasan gaba a daidai lokacin da bugun zai sauka, wadda take buƙatar ƙarfin zuciya. Darajarta ta bayyana a Evo, gasar wasannin dambe na bidiyo, ta 2004, a kan 3rd Strike, wato sigar na uku da aka dawo da Chun-Li a ciki, lokacin da Daigo Umehara, yana riƙe da Ken da ɗan guntun rai, ya tare duka 15 a jere daga Chun-Li ta Justin Wong, sannan ya juya ya cinye zagayen.

Na huɗu a 2008 ya farfaɗo da jerin, na biyar a 2016 ya sha suka saboda ya fito da ƙarancin abubuwa, na shida kuma ya zo a 2023 da yabo mai yawa. Idan za ka gwada na uku, ka nemi 3rd Strike na 1999, ka samu abokin karawa na gaske, ka ba shi akalla wata guda kafin ka yanke hukunci.